Darasi na 9: Tuƙi a Kan Duwatsun Azbin

Wanda ya bar Agadas ya nufi Timiya, ko Tabelot, ko Iferwan, ya yi sallama da kwalta. Ƙasar Azbin ce, wadda Faransawa ke kira Aïr. Duwatsunta baƙaƙe ne masu kaifi, kuma mafi tsawonsu, a Bagzan, ya haura mita 2,000. Ta waɗannan hanyoyi ake fito da albasa da tafarnuwa da lemun Timiya zuwa kasuwa. Direban da ya ƙware a kwalta, idan ya zo nan, ɗan koyo ne.

Rairayi da dutse ba tuƙinsu ɗaya ba. A rairayi mota na son ɗan gudu don kada ta kafe. A dutse kuwa gudu shi ne ajalinta. Yawancin ɓarnar da ake yi ta wanda ya fito daga rairayi ne da zafinsa, ya faɗa cikin duwatsu bai ɗaga ƙafa daga totur ba.

Mu fara da karatu. A motoci irin su Hilux da Land Cruiser akwai ƙaramar giya kusa da babbar, ko maɓalli a sababbi. Za ka ga an rubuta H2, H4 da L4, a wasu kuma 2H, 4H da 4L. Lamba 2 tana nufin tayoyi biyu ke ja, 4 kuma huɗu. H ta gudu ce, L ta ƙarfi. Idan ka zo wurin da duwatsu suka yi tsiri-tsiri, tsaya cak, ka sa L4, ka sa giya ta ɗaya. Motar za ta riƙa rarrafe kamar tafiyar mutum a ƙasa. Haka ake so. Kada ka ji kunyar fasinja.

Kafin ka shiga mummunan wuri, sauka ka taka shi da ƙafarka. Wannan ita ce dabarar da direbobi suka fi rainawa, ni kuwa ban san wadda ta fi ta ceton mota ba. Minti 5 na dubawa sun fi kwana 2 ana jiran makaniki a inda ba inuwa. Ka kuma durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motarka tun a gida. Akwai wani ƙullin ƙarfe tsakanin tayoyi, shi ya fi kusa da ƙasa. Akwai kaskon baƙin mai a gindin inji, akwai tanki. Ka san inda kowanne yake. Idan babban dutse ya tare hanya, kada ka ratsa shi tsakanin tayoyi, domin zai doki waɗannan. Ɗora taya a kansa, ta hau a hankali, ta sauka a hankali. Fuskar taya tana da kauri, an yi ta don taka dutse. Gefenta kuwa siriri ne, kaifin dutse na yanka shi kamar wuƙa, kuma yankan gefe ba ya jin faci.

Yaron mota ya sauka ya tsaya a gaba, inda kake ganinsa, ya riƙa nuna maka da hannu. Mutum ɗaya kawai. Idan fasinja biyar suna "Dama, maigida!" "A'a, hagu!", sai a rasa ta wa za a bi. Ku shirya alamunku tun kafin a tashi. Idan ya ɓace maka da gani, tsaya.

Riƙe sitiyari da manyan yatsunka a waje. Taya na dukan dutse, sitiyarin ya fizge, yana iya karya yatsan da ke ciki.

Game da iska: tayar da ke da bar 2.5 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne) a kwalta, akan rage ta zuwa wajen 1.8 a dutse don ta rungumi dutsen, a rairayi kuma a rage fiye da haka. Mota mai lodi ba a rage mata da yawa. Wanda ba shi da famfon mayar da iska, kada ma ya fara ragewa.

A gangare kada ka taka kuloci, kada ka cire giya. Bar injin ya riƙe motar, ka riƙa taimaka masa da birki kaɗan-kaɗan. Hawa da sauka a miƙe ake yinsu. Ratsa tudu a kaikaice shi ke kifar da mota, musamman wadda aka tula wa buhuna a sama. Idan mota ta kasa hawa, sa ribas ka dawo ta inda ka hau. Kada ka juya a tsakiyar tudu.

Da damina, a watannin Yuli da Agusta, ka ji tsoron kori, wato busasshen rafi. Ana iya yin ruwa can kan duwatsu, kai kana cikin rana, sai ambaliya ta iso ba sallama. Ba a kwana cikin kori, komai laushin yashinsa. Kuma ka bi sawun da aka sani, domin an binne nakiyoyi a wasu sassan arewacin Nijar lokacin tawayen 2007 zuwa 2009.

Ka tafi da safaya 2, da jak, da katakon da za a ɗora shi a kai, da shebur, da igiyar ja. Motoci biyu sun fi ɗaya. Gaya wa na gida hanyar da za ka bi da ranar isa. Idan mota ta lalace, ku zauna kusa da ita, don ita masu nema ke fara hangowa.

Aikin gida: mutum 6 za su yi tafiyar kwana 3, kowa na buƙatar lita 6 na ruwa a rana. Lita nawa ke nan? Ƙara na kwana 2 saboda lalacewar mota. Jarka nawa mai lita 25 za su cika? Sannan ka rubuta H2, H4 da L4 a littafinka, ka faɗi inda ake amfani da kowace.