Yadda ake kashe tsuwwar na'urar ƙara ji

Tsuwwar nan mai kama da fito, wadda ke sa dattijo ya cire na'urarsa ya jefa aljihu ana tsakiyar hira, sauti ne da na'urar ta ƙara ta tura cikin kunne, ya sami kafa ya fito, ya koma makirfonta, ta sake ƙara shi. Aikinka shi ne gano kafar.

Fara da sakawa. Cire robar da ke shiga kunne, ka ja kunnen sama da baya kaɗan da ɗaya hannun, ka mayar da ita har ta zauna daram. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In ba ta daina ba, duba abin da ya rufe kunnen. Rawani, hijabi mai matsewa ko wayar da aka manna a kunne duk suna mayar da sauti cikin makirfo. Sassauta su ka saurara.

Daga nan sai gwajin da na fi yarda da shi. Cire na'urar daga kunne ba tare da ka kashe ta ba, ka toshe bakin robar da ɗan yatsa, har da ƙaramin ramin shan iska in tana da shi. In ta yi shiru, na'urar lafiya lau take, matsalar ta zaman roba ce ko dauɗar kunne. In ta ci gaba, zare siririn tiyon da ya haɗa robar da na'urar, ka toshe bakin ƙugiyar na'urar da tiyon yake maƙale a jikinta. Ta yi shiru yanzu? To tiyon ne ya tsage, ko robar. Zafin Damagaram na Afrilu da Mayu da bushewar hunturu suna sa tiyo ya yi tauri ya tsattsage, don haka a canja shi duk bayan wata 4 zuwa 6. Idan har yanzu tana tsuwwa, ciwon na ciki ne, sai mai gyara.

Dauɗa kuwa, don Allah kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza, tura ta ciki suke yi. A je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Babban Asibitin Damagaram a cire ta.

Kunnen yaro girma yake, robar da ta yi masa daidai bara bana ta yi sako-sako, sai an auna an yi sabuwa. Haka ma babba in ya rame.

Rage ƙarfin sauti yana kashe tsuwwa nan take, amma da ita yake tafiya da maganar mutane. A yi shi na ɗan lokaci kawai, kafin a kai ga likita.