Kurakuran Masu Neman Waƙoƙin Tallan Talabijin na Japan

Yawancin tallan talabijin a Japan sakan 15 ne, in ya yi tsawo ya kai 30. A wannan ɗan taƙin ake son sauti ya shiga kunnen mai kallo ya ƙi fita, kuma mutanen sun daɗe da ƙwarewa a kai. Tun 1951, shekarar da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki a ƙasar, Miki Toriro ya tsara wa kamfanin kayan hoto na Konishiroku waƙar da ake lissafawa a matsayin waƙar talla ta farko a Japan. Talabijin mai ɗaukar talla ta biyo baya a 1953. Yanzu da tsofaffin tallace-tallacen suka bazu a YouTube da TikTok, sai mutum ya ji wani kiɗa ya kama masa zuciya, ya shiga nema, ya yi ta lalube har ya gaji ya haƙura. Sau da yawa waƙar tana nan kusa, hanyar neman ce ba daidai ba.

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa duk sautin da aka ji a talla guntu ne na wata cikakkiyar waƙa da ke ajiye a wani wuri. Sai a kara wayar, a kunna manhajar gane waƙa ta Shazam, ta ce ba ta gane ba, a sake, ta sake cewa haka. Kafin a wahalar da kai, a tsaya a tantance irin kiɗan. Akwai wanda aka tsara don tallan kaɗai, wani lokaci tsawonsa ke nan, babu ci gaba, ba a taɓa buga shi a faifai ba. Akwai waƙar fitaccen mawaƙi da aka ƙulla yarjejeniya a kanta, kamfani ya samu murya mai farin jini, mawaƙi ya samu a riƙa jin waƙarsa a kowane gida. Akwai kuma tsohon kari na wata ƙasa da aka yi wa sabuwar riga. Kowanne da inda ake samunsa. In ka ji ana rera sunan kamfani ko na kaya a cikin baitin, to ka nufi shafin kamfanin da tasharsa ta YouTube, ka bar manhajar gane waƙa ta huta. Waƙar kamfanin Hitachi ma don talla aka yi ta, ko da yake ba a ambaci sunan kamfanin a baitinta ba: Asei Kobayashi ya tsara ta, ana sa ta tun 1973, kuma an san ta da hoton wata ƙatuwar bishiya mai faffaɗar inuwa. Ko bishiyar ma mutane na kuskure a kanta, don ba a Japan take ba, tana lambun Moanalua ne a tsibirin Oahu na Hawai.

Na uku ɗin nan, wato karin da aka aro daga wata ƙasa, shi ya fi ruɗa mutane, domin mai nema ya riga ya sa a ransa cewa tunda tallan Japan ne, kiɗan ma na Japan ne. Shagon kayan lantarki na Yodobashi Camera yana da waƙar da duk wanda ya zauna a Tokyo ya haddace, wadda ke kwatanta wa mai saye layukan jirgin ƙasa da za su kai shi unguwar Shinjuku. Karinta kuwa na wata waƙar yaƙin basasar Amurka ne. Maganin ciki na Ohta Isan ya shekara da shekaru yana tafiya da wani gajeren kiɗan fiyano na Chopin, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Poland. Tallan kek na Bunmeido ya ari kiɗan rawa na Offenbach. Shi kuma kamfanin jirgin ƙasa na JR Tokai, tun 1993 yake kiran mutane su ziyarci Kyoto da karin "My Favorite Things" na Richard Rodgers, sai dai ana sake masa salo da kayan kiɗa daga wannan talla zuwa wancan. Saboda haka in kiɗa ya yi maka kamar ka taɓa jin sa, ka yarda da kunnenka. Ka rera shi da baki a manhajar Google mai gane sauti, domin ita kari take bi, ba ta damu da wanda ya buga shi ba. A nan ma a sani, samun asalin kiɗan ba ya nufin an samu ainihin salon da aka ji a tallan. Wanda aka buga musamman don talla ba lallai ne ya fita kasuwa ba.

Sai batun shekara. Mutane kan haɗa shekarar talla da shekarar waƙa su mai da su ɗaya, alhali wani lokaci tazarar tana da yawa. Tatsuro Yamashita ya fitar da "Christmas Eve" a 1983, ta yi zamanta ba wata hayaniya. JR Tokai ya ɗauke ta a 1988. A tallan 1989, wata budurwa ce, Riho Makise ta fito a matsayinta, take sheƙa gudu a tashar Nagoya rungume da tsaraba, tana karo da mutane don kada jirgin saurayinta ya riga ta isowa. Da ta hango shi sai ta laɓe bayan ginshiƙi tana haki tana murmushi. Kusan ba a ce komai a tallan ba, waƙar ce ta yi duk maganar, kuma a watan Disamba na wannan shekara ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Oricon na cinikin waƙoƙi a Japan, shekara 6 bayan fitowarta. Ni a ganina babu tallan da ya fi wannan nuna yadda hoto da sauti ke ɗaga juna. Wanda ya tsaya binciken waƙoƙin da suka fito a 1989 kawai zai sha wahala kafin ya gano tushenta.

Wani abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne masu ɗora tsofaffin tallace-tallace sukan rubuta shekarar zamanin sarauta. In ka ga Showa, ka ƙara 1925 a kan lambar. In Heisei ce, ka ƙara 1988. Reiwa kuma 2018. Wato Showa 53 ita ce 1978, shekarar da Momoe Yamaguchi ta rera wa hukumar jiragen ƙasa ta wancan lokaci "Ii Hi Tabidachi".

Nema da Turanci zalla ma ɓata lokaci ne. Ka rubuta sunan kamfanin ko kayan, ka bi shi da haruffan CM, waɗanda da su mutanen Japan ke kiran talla, sannan ka ƙara 曲, wato waƙa, da shekarar. In ba ka iya karanta sunan ba, ka tsayar da bidiyon, ka ɗauki hoton allon, Google Lens ta kwafo maka rubutun. Kuma tunda ka tsayar, ka duba kusurwar ƙasa da kyau. A tallace-tallace da yawa ana sa ɗan ƙaramin rubutu da alamar ♪ mai ɗauke da sunan waƙa da mawaƙi, sai dai yakan ɓace cikin ƙiftawar ido, ido kuwa yana kan fuskar ɗan wasa.

Ko an samu suna, a yi hattara, domin sunan da ke jikin faifai kan bambanta da wanda ake nema. Kiɗan fiyano na Ryuichi Sakamoto mai suna "energy flow" ya fito a tallan maganin ƙarin kuzari na Regain a 1999, ya zama kiɗa marar baiti na farko da ya hau saman jadawalin Oricon, amma faifan da ya ɗauke shi "Ura BTTB" aka sa masa. Haka "Umi no Koe" ta tallan kamfanin waya na au a 2015. Kenta Kiritani ne ya rera ta a bakin teku yana kaɗa sanshin, abin kiɗan Okinawa mai tsirkiya uku kamar molo, amma an rubuta ta da sunan Urashima Taro, gwarzon tatsuniyar da ya fito a matsayinsa, sannan nasa sunan ya biyo baya. Kada kuma a ɗauki duk abin da wani ya rubuta a ƙarƙashin bidiyo a matsayin hujja. A je a saurari waƙar da ya ambata, a gwada da ta tallan.

Masu haɗa bidiyo da masu tsara tallan rediyo, ku ne nake ji wa tsoro. Tsufan talla ba ya sa waƙarsa ta zama ta kowa. Hukumar JASRAC, wadda aka kafa tun 1939, tana kula da haƙƙin mallakar ɗimbin waƙoƙin Japan, kamfanonin faifai kuma suna bibiyar nasu a YouTube. Mutum zai kwana yana gyara bidiyo, ya wayi gari an toshe sautin ko an karkatar da kuɗin zuwa wani aljihu. Ko kiɗan Chopin da marubucinsa ya rasu tun 1849, bugun da wani makaɗi ya yi kwanan nan yana da mai shi. In waƙar tana cikin rumbun sautin da dandalin ya tanada, a ɗauko ta daga can, a kuma karanta sharaɗinsa, domin abin da aka yarje wa mai nishaɗi ba lallai a yarje wa mai tallan kaya ba.