Yadda za ka daina ce wa kwastoma "ya ƙare"

Duk wanda ya taɓa zaman shago a Aboabo ko Asawase a nan Kumasi ta Ghana ya san wannan kunyar, mutum ya tako tun daga gida da kuɗinsa a hannu ya ce a ba shi sukari, kai kuma ka sosa ƙeya ka ce ya ƙare, sai gobe in Allah ya kai mu. Goben nan fa ba dawowa zai yi ba, ya riga ya gane hanyar shagon gaba. Abin da 'yan boko ke karantawa a jami'a da sunan tafiyar da aiki da sarƙar kawo kaya, rabinsa maganin wannan kunyar ne, ɗaya rabin kuma maganin kishiyarta, wato ka danƙare sito da kaya jarinka ya kwanta ɓeraye na cin riba.

Fara da sanin inda kayanka ke fitowa, ba wai dillalin da ke ba ka a kasuwar Kejetia kawai ba, har bayansa. Ɗauki albasa, manomi ya noma ta can wajen Galmi a Nijar, dillali ya tara, a loda tirela ta ratso Burkina ko ta zagayo ta Benin da Togo, a sauke a kasuwa, aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) ko kayayo (mata 'yan dako) su kai maka ƙofar shago. Kowane hannu a nan ƙarfe ɗaya ne a jikin sarƙa, ɗaya ya tsinke kowa ya ji. Mun gani ai a 2023, da sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli ECOWAS ta rufe boda, motocin albasa suka maƙale a hanya, nan Kumasi farashi ya yi sama, alhali mai tuwo a Zango ba ruwanta da siyasar Nijar. Shinkafar waje ita kuma ta ruwa take zuwa, da yawanta daga Biyetnam, a sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema sannan mota ta yi kilomita sama da 250 kafin ta iso mana. Shi ya sa ɗan kasuwa ke sauraron labarai, ba don son gulma ba.

Toh yanzu ga asalin aikin, lamba biyu ce kawai nake so ka riƙe. Ta farko, nawa kake sayarwa a rana. Ta biyu, kwana nawa ake yi daga ranar da ka buga waya ka yi oda zuwa ranar da kaya ya shiga shagonka. Dan Allah kar ka ce min kana da su a kai, kai yana ƙarya, sayi littafi ka rubuta wata guda cur. Kuma kwanakin hanya ba waɗanda dillali ya faɗa maka za ka rubuta ba, waɗanda ka gani da idonka, don dillali kullum mota na Techiman saura kaɗan ta iso. Ni akwai wani maigidana da ya yi min alkawarin kwana biyu na zauna kwana tara ina kallon bango, tun daga nan na daina lissafi da bakin mutane.

Misali kana fitar da buhun shinkafa 4 a rana, hanya kuma kwana 5, ka ga kenan buhu 20 za su tafi kafin sabon kaya ya iso. Sai ka ɗora na ko-ta-kwana, a ce na kwana biyu, buhu 8, saboda mota kan lalace ko kwastan su riƙe ta ko wata Hajiya ta zo da hidimar biki ta kwashe goma a tashi ɗaya. Ya zama 28. Ranar da sito ya sauko buhu 28 ranar za ka yi oda, ba ranar da ka ga saura uku ba. In yaranka ba sa son ƙirga, ɗauki alli ka ja layi a bango daidai tsayin buhunan, ka ce musu duk wanda ya ga layin nan ya fito fili ya kira ni. Kar ka raina dabarar, kamfanin Toyota a Japan kati suke maƙalawa a jikin kaya, suna ce masa kanban, in kaya ya yi ƙasa katin ya koma baya a matsayin oda, wani injiniyansu Taiichi Ohno ne ya tsara abin. Sai dai su da yawan masu kawo musu kaya suna kusa da su, shi ya sa suke iya zama ba ajiya mai yawa, kai da kayanka ke ratso boda biyu kar ka ce za ka kwaikwaye su duka.

Ba kowane kaya ne ya cancanci wannan wahalar ba. Duba littafinka za ka ga 'yan kayayyaki kaɗan ne ke kawo yawancin kuɗin, su za ka ƙirga kullum, ashana da allura kuwa sau ɗaya a wata ya isa.

Kayan gwari nasu hukuncin daban. Tumatir ba ya jiran kowa, na ko-ta-kwana a nan asara ce, gara ka saro kaɗan kaɗan sau da yawa ko da kuɗin mota ya ɗan ƙaru. Kuma ko gwangwani ne, wanda ya fara shiga shi zai fara fita, sabon kaya ya koma baya tsoho ya dawo gaba. Yara ba sa son wannan don akwai ɗaga kaya, tsaya a kansu su yi.

Sai maganar azumi, nan ne manya ma ke faɗawa rami. Sha'aban ya yi nisa mata sun fara sayen sukari da madara da gero, mai shago ya ga ciniki ya ɗan motsa sai ya ninka oda don tsoro, dillali ya ga masu shago goma duk sun ninka shi kuma ya ruɓanya tasa uku, mai kamfani ya ɗauka duniya ce ta buɗe. Bayan Sallah kowa na zaune kan kayan da ba mai saye. Masana na kiran abin tasirin bulala, hannu ya motsa kaɗan amma bakin bulalar ya yi tsalle mai nisa. Maganinsa ka buɗe littafin bara ka ga abin da ka sayar da gaske a azumin da ya wuce, ka yi oda da wuri a kansa, kuma ka faɗa wa dillalinka gaskiya cewa wannan ƙarin na wata ɗaya ne.

In kuma sana'arka ta girki ce ko ɗinki, nemi maƙurar aikin, wato wurin da layi ke taruwa. Mai waakye (shinkafa da wake) da tukunya uku a wuta, wake ya nuna karan dafi ya ba da kala, amma yarinya ɗaya ce ke zubawa ita ce kuma ke karɓar kuɗi da duba momo (kuɗin da ake turowa ta waya), ƙara tukunya ta huɗu ba zai ƙara ko kwano ɗaya ba. A sa wani kan kuɗi kawai, layin zai tafi.

Farashi kuma, sa shi bisa abin da za ka biya ka maido kayan, ba abin da ka biya wancan watan ba. A 2022 da sidi ya zube, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba, mutane da yawa sun sayar da tsohon farashi suna murnar riba, da suka koma sari kuɗin buhu goma ya sayo bakwai ko takwas. Kafin ka buɗe shago kira dillali ka ji farashin yau. Kuma ya zama kana da dillali na biyu da kake ɗan saye a wurinsa ko da ya fi tsada da 'yan sidi, don ranar da motar na farko ta kwana a Paga, bodar Ghana da Burkina, ba zai ɗauki wayar baƙo ba, wanda ya saba da shi zai fara ba.