Yadda zaka riƙa yiwa magenka allurar insulin a gida in tana da ciwon suga

Ranar da likitan dabbobi yace maka magenka ta kamu da ciwon suga kuma sai allura safe da dare, abinda yake fara faɗo maka a rai shine anya zan iya kuwa, kar inje in ji mata ciwo. Toh ka kwantar da hankalinka, tsira allurar ita ce mafi sauƙi a duk lamarin, tsinin siriri ne sosai, yawancin maguna in kansu na cikin kwanon abinci ko waiwayowa basa yi, sati ɗaya hannunka ya saba. Inda ake buƙatar natsuwa shine adadin, nawa zaka zuƙa, da wane sirinji, ƙarfe nawa, da kuma ranar da bai kamata kayi ba kwata kwata. Dalili kuwa suga in ya hau a jinin mage a hankali yake cin ta, kwanaki da makonni, amma in insulin yayi yawa suga ya faɗi ƙasa, cikin 'yan awanni zaka iya rasa ta. Dan Allah ka riƙe wannan a ranka.

Mu fara da sirinji dan nan ne ake yin kuskure mafi muni. Insulin da aka fi bawa maguna ƙarfinsa iri biyu ne, U-40 da U-100, ma'ana yunit 40 a mililita ɗaya ko yunit 100. ProZinc da Caninsulin (wanda a Amurka ake kira Vetsulin) U-40 ne, dama dan dabbobi aka yi su. Lantus na mutane ne amma likitoci na rubutawa maguna shi sosai, shi kuma U-100 ne. Kowanne da nashi sirinjin. In ka ɗauki sirinjin U-40 ka zuƙi Lantus zuwa layin 2, wallahi yunit 5 ka zuba mata, ninki biyu da rabi kenan, ga mage mai kilo huɗu wannan ba ƙaramin abu bane. In kuma ka juya, ka zuƙi ProZinc da sirinjin U-100 zuwa layin 2, ko yunit ɗaya bata samu ba, sai kaga suga yaƙi sauka ka ɗauka maganin ne baya aiki. Yawanci murfin U-40 ja ne na U-100 ruwan lemo, amma kar ka dogara da kala, karanta abinda aka rubuta a jikin sirinjin duk sanda ka buɗe sabon kwali. In zaka samu mai layin rabin yunit ka ɗauki shi, zai maka amfani nan gaba.

Kwalbar a firji take zama, ciki sosai ba a jikin ƙofa ba, kuma kar ta kusanci wajen ƙanƙara, in ta daskare ko sau ɗaya ne ta lalace sai dai a yar. Lantus garai yake kamar ruwa ba'a girgiza shi, ranar da kaga ya yi dishi dishi ko da wani abu na yawo ciki toh ka canza. ProZinc mirgina shi zakayi a hankali tsakanin tafin hannunka har ya haɗu, Caninsulin kuma girgiza shi ake yi sai ya zama fari bai ɗaya kamar madara.

Adadin farko likita ne zai yanke, galibi yunit 1 ne, wani lokacin 2, sau biyu a rana da tazarar awa 12. Zaka ga kamar yayi kaɗan, ɗigo ne a ƙasan sirinji, haka ake so. Ka zaɓi lokacin da kasan kullum kana gida, in 7 na safe ne toh 7 na dare, in an samu saɓanin awa ɗaya wata rana ba tashin hankali bane amma kar ya zama ɗabi'a. Ka fara aje mata abinci, ka ga ta ci, sannan allura. Tun ranar farko ka tambayi likita me zanyi in taƙi ci ko in ta yi amai, ka rubuta amsar ka manna a jikin firji, dan da sassafe ko tsakar dare abin yake faruwa lokacin da baka samun kowa a waya.

Yin allurar kuwa, ka zuƙa, ka ɗan ƙwanƙwasa sirinjin kumfar iska ta fita dan a adadi kaɗan haka kumfa ɗaya tana cinye rabin maganin, ka ɗaga fatar gefen ƙirji ko gefen ciki da yatsu biyu ta yi kamar tanti, ka shigar da tsinin ƙarƙashin fata, ka danna, ka zare. Yau dama gobe hagu, kar ka nace waje ɗaya fatar tana tauri. Sabuwar allura kowane lokaci. Wata rana zaka shafa wajen kaji gashin a jiƙe, tsinin ya ɓulla ta ɗaya gefen ko ta motsa, nan zuciyarka zata ce ka sake. Kar ka sake. Baka san nawa ya shiga ba, gara ta kwana da suga a sama zuwa allura ta gaba. Haka in ka manta gaba ɗaya har awanni suka wuce, ba'a ramuwa ba'a ninkawa. In kuma ku biyu ne ko uku kuke kula da ita a gidan to dole a aje takarda wanda yayi ya sa hannu da lokaci, dan sau da yawa haka ake yiwa mage allura biyu, kowa yana ganin ɗayan bai yi ba.

Ni a ganina duk mai mage mai ciwon suga ya kamata ya koyi gwada jininta a gida, saboda mage in taje asibiti tsoro kaɗai yana ɗaga mata suga, sai lambar can ta fito sama da gaskiya. A gefen kunne ake samun jinin, ka ɗumama kunnen da tsumma mai ɗumi ko ka murza shi kaɗan, ka ɗan tsira a bakin gefen, ɗigo ɗaya ya isa, ka danne da auduga, ka bata wani abu da take so bayan an gama dan ta daina gudu. Kwanakin farko jinin zai ƙi fitowa, ka yi haƙuri yana zuwa. Akwai mita ta dabbobi irin AlphaTRAK, ta mutane ma tana aiki amma tana yawan nuna ƙasa da ainihin lambar, dan haka ka faɗawa likita wacce kake amfani da ita kuma ka tsaya akan guda ɗaya. Wasu likitocin suna manna FreeStyle Libre, wata 'yar na'ura mai auna suga, a fatar magen, yana kaiwa kwana 14 in bata cire ba.

Lafiyayyar mage suganta yana wajen 80 zuwa 120 mg/dL, in mitarka mmol/L take nunawa ka raba lambobin da na kawo a nan da 18. Ga wadda take kan insulin abinda ake nema shine ta yini tsakanin 80 da 300, kuma mafi ƙasan da zata sauka ya tsaya wajen 80 zuwa 150. Wannan mafi ƙasan shine ake duba kafin a ƙara ko a rage, kuma baka ganinsa a gwajin da kake yi kafin allura, a tsakiya yake ɓuya, awanni bayan allurar. Shi yasa likita zai ce ka ware rana guda ka gwada duk bayan awa 2 ko 3 daga allurar safe har ta dare. Kaga 350 da safe sai ranka ya ɓaci kace bari in ƙara rabin yunit, alhali ƙila da rana ta sauka 60 ne jikinta ya tsorata ya watso suga, wato maganin yawa yayi mata, ka ƙara kuma ka jefa ta rami. Jikin mage yana ɗaukar kusan sati kafin ya daidaita da sabon adadi, kuma da rabin yunit ko ɗaya ake motsawa, da sanin likita. Ka nemi ya baka lambar da in ka ganta kafin allura zaka dakata ka kira shi. Ka samu littafi ka riƙa rubuta rana, lokaci, yunit, lambar suga, ta ci ko bata ci ba, yawan ruwan da ta sha, da nauyinta sau ɗaya a sati.

Alamun suga ya faɗi ka haddace su, kasala, tangaɗi kamar ƙafafun basa ɗaukarta, kallon waje ɗaya, rawar jiki, yunwa ta ban mamaki, in yayi tsanani farfaɗiya ko suma. A mita ƙasa da 60 zuwa 70 ka ɗauka da gaske ko da tana yawonta. In tana iya ci ka bata abinci nan take. In bata iya ci ka lakato zuma ko ruwan gulukos ka shafa mata a dasashi, kar ka ɗura mata komai a baki dan zata iya shaƙewa, sannan ka ɗauke ta sai asibiti ko da ta farfaɗo, saboda zumar minti kaɗan take riƙewa insulin kuma yana nan yana aiki na awanni. Ɗaya haɗarin ta ɗaya ɓangaren ne, mage ta daina ci, tana amai, ta lafe waje ɗaya, nan ana tsoron kiton, wani sinadari da jiki ke fitarwa in insulin bai isa ba, ya taru a jini. Ka aje tsinken gwajin kiton na fitsari a gida, in ya nuna kuma bata da lafiya ba'a jira gari ya waye.

Abinci yana da hannu sosai a adadin insulin. Abincin gwangwani mai yawan nama da ƙarancin sitaci yana sauke suga fiye da busasshe, har ta kai in ka canza mata rana ɗaya baka rage insulin ba adadin da yake daidai jiya ya zama guba yau, dan haka canjin abinci a hankali ake yi, ana gwadawa, likita na sane. Kuma maguna suna da wani abu da karnuka basu cika samu ba, wasunsu in aka kama ciwon da wuri aka daidaita shi, jikinsu yana dawowa yin nashi insulin har a daina allurar. Zaka fara ganin lambar kafin allura tana sauka kwana bayan kwana, 180, 150, 120, shan ruwa ya ragu, fitsari ya koma daidai. Abin murna ne amma daidai nan ne ake yawan samun faɗuwar suga in aka cigaba da adadin da aka saba, dan haka in ka ga haka ka aje sirinjin ka kira likita da littafinka a hannu, ko an daina allurar kuma ka cigaba da gwada ta lokaci lokaci dan ciwon yana iya dawowa.