Yadda Za Ka Faɗi Gaskiyar Ra'ayinka a Kan Fim Har Masu Fim Su Saurare Ka

Tun zamanin kaset nake kallon fina-finan Hausa, lokacin da ake aiken yaro shagon haya ya karɓo, a kalla da dare, a mayar da safe kafin a ƙara kuɗi. Yanzu kallon ya koma waya da talabijin, amma maganar 'yan kallo tana nan yadda na san ta. Ko dai a ce "kai, fim ɗin nan ya haɗu," ko a ce "wannan ai shirme ne." Kowa yana da ikon faɗin haka, sai dai babu daraktan da zai ɗauki ɗaya daga cikin maganganun nan ya gyara komai da ita. Ra'ayin da yake aiki shi ne wanda ya ɗora yatsa a wuri guda, ya ce ga abin da ya faru a nan, ga kuma wanda alhakin yake wuyansa. Ga hanyar da nake bi.

Ka fara da kallo sau biyu. Na farko ka kalla kamar kowa, ba takarda ba biro. Kanka kawai za ka sa wa ido: a ina ka tura bidiyon gaba, a ina ka leƙa WhatsApp fim yana tafiya, a ina kuma aka yi maka magana ba ka ji ba don hankalinka ya tafi. Waɗannan wuraren su ne ainihin ra'ayinka, tun kafin na abokai ya shigo ya gauraya da shi. A kallo na biyu sai ka koma musu, ka rubuta mintin, ka nemi dalili. Misali: "Daga minti na 14 zuwa na 19 gaisuwa ce kawai tsakanin Alhaji da baƙonsa, har aka tashi ba mu san abin da ya kawo shi ba." Wanda ya tace hoton zai iya buɗe kwamfutarsa ya je minti na 14 ya gani da idonsa. In ka ce masa "fim ɗin yana da ja" kuwa, bai san inda zai dosa ba.

Sai labari. Gwada ba wa wanda bai kalla ba labarin a jimla uku: wane ne, me yake nema, me ya tare masa hanya. In ka kasa bayan kallo biyu, yawanci daga rubutu matsalar take. Ka duba yadda aka warware rikicin kuma. Idan an shafe awa biyu ana ƙulla rigimar gado, sai a ƙarshe mota ta kaɗe mugun ya tuba a gadon asibiti, marubuci ya gudu ne ya bar aikin da ya ɗauko, kuma ya kamata ya ji haka daga bakinka.

Inda nake so ka daɗe shi ne sanin aikin kowa, domin a nan aka fi zaluntar 'yan wasa. Su muke gani, don haka su muke ɗora wa komai. Ɗauki wannan fitowar, wadda na tabbata ka taɓa ganin irinta: yarinya marainiya a ƙauye, matar uba ta hana ta abinci tun jiya, an tashe ta da asuba ta je rijiya. Ta yaye zani daga kan tabarma, ga gashin ido na kanti, ga jan baki bai goge ba, ga lalle baƙi wuluk kamar amaryar jiya. Duk hawayen da za ta zubar bayan nan ya tashi a banza, don ido ya riga ya ƙaryata labarin. Wa za ka kama? Mai kwalliya ce ta shafa, amma darakta ne ya kalli fuskar ya ce a ɗauka, kuma shi ke da kalmar ƙarshe a lokeshin. Idan hular jarumi zanna ce yana shiga zaure, ya fito tsakar gida da dara, aikin mai kula da ci gaban shiri ne. Idan kana jin kukan janareto fiye da muryar mai magana, ko an ce zamanin sarakunan dauri ne amma ga hon ɗin adaidaita sahu daga bayan katanga, na mai sauti ne da mai tacewa. Idan gidan attajirin fim da ofishinsa da asibitin duk falo ɗaya ne aka juya kujeru, furodusa ne ya matse hannu. Sunayensu duk suna cikin rubutun da ke wucewa a farko ko a ƙarshen fim, wanda yawancinmu ba ma tsayawa karantawa. Ka riƙa karantawa. Ranar da hoto ya fito tas, haske ya zauna a fuskar baƙin mutum yadda ya kamata, ka nemo sunan mai ɗaukar hoton ka ambace shi. Yabon gwani ya zama dole, kuma waɗannan bayin Allah ba kasafai ake tunawa da su ba.

Shi ɗan wasa, ga yadda ake auna shi. Kada ka kalli mai magana, kalli wanda ake yi wa maganar. Gwani yana saurare, kana ganin kalmar tana sauka a fuskarsa. Wanda bai ƙware ba yana tsaye ne yana jiran layinsa. Kuma ka raba mutum da rawar da aka ba shi. In uwar mijin fim ta sa ka ji kamar ka shiga allon ka shaƙe ta, jarumar ta ci kuɗinta da halal, yabo ta cancanta.

Akwai wani ɓangaren da ɗan kallo yake fin masu fim ƙarfi, wato sanin rayuwa. Kowannenmu yana da fagen da ya sani, sai ya yi amfani da shi. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, mai ciki kuma sai ta haihu. In an ɗaura wa matar mamaci aure washegarin sadakar arba'in ba tare da labarin ya nuna kuskure ba ne, ka faɗa. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya sumuni ne rabonta, ɗaya bisa takwas, in su huɗu ne kuma shi za su raba. In babu ɗa, rubu'i. Fina-finan gado da yawa suna gina rigima a kan lissafin da malamin unguwa zai rushe a zama ɗaya. Ma'aikaciyar jinya za ta gane ƙarin ruwan da aka manna da filasta ba allura. Wanda ya saba shiga kotu ya san lauya ba ya sa hular gashin nan ta babbar kotu a gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci ta unguwa. Harshe ma haka. In an ce tsoho daga Sakkwato ya zo, kunne yana jiran "shina" da "mi," sai ka ji Kananci zalla irin na Zoo Road. 'Yan kallon Maraɗi da Damagaram suna jin wannan sarai, kuma ba ƙaramin kaso ba ne na masu kallon fina-finan nan. Amma ka tsaya iya abin da ka sani. Direba ya yi maganar tuƙi, malama ta yi maganar aji.

Shiri mai dogon zango yana buƙatar wani ma'auni daban, kuma sai ka san dalilin da ya sa yake ja. Satar fasaha da masu tura fim a waya sun durƙusar da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai, sai masu fim suka koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. A YouTube talla ce ke kawo kuɗi, bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya, kuma yawan makonni yawan kuɗin shiga ne. Shi ya sa ake nuna maka mota tun daga kan titi, maigadi ya buɗe ƙofa, ta shiga, ta tsaya, a kashe, a fito. Shi ya sa ake maimaita abin da ya faru makon jiya da sunan tunani. Sanin dalilin zai hana ka zagi, amma kada ya hana ka faɗa, don data da kuɗinka ka saya. Tambayar da nake yi a ƙarshen kowane kashi guda ɗaya ce: me ya canja tsakanin farkonsa da ƙarshensa? In babu, na rubuta cewa babu. Ka kuma faɗi iya inda ka kalla. Wanda ya ga kashi biyu ba shi da hurumin yanke wa zango guda hukunci.

Maganar kwaikwayon Indiya tsohuwa ce, tun lokacin da sinimomin Kano irin su Plaza da Marhaba suke cika da masu kallon fina-finan Indiya, kafin a fara namu na bidiyo. Ƙa'idata a nan gajeriya ce. In za ka ce an sato labari, kawo sunan fim ɗin da aka sata. In ba ka da shi, bar zancen.

Sai tarbiyya, wadda ita ce ta fi tayar da jijiyar wuya. Ni uba ne, kuma abin da 'ya'yana suke kallo ya dame ni ƙwarai. Kano tana da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, amma hukuma ba za ta zauna a falonka ba, don haka maganar iyaye tana da muhalli. Sai dai ka bambanta nuna mugun abu da tallata shi. Fim ɗin da ya nuna ɗan shaye-shaye yana rasa aiki da mutunci da lafiya daban yake da wanda ya mayar da shi abin sha'awa. In wata shiga ko wata rawa ta wuce gona da iri a ganinka, faɗi fitowar, faɗi dalilinka, ka ce ba za ka kalla da yara ba. Wannan gargaɗi ne mai amfani ga sauran iyaye. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne a tsallake fim a faɗa rayuwar jaruma: aurenta, mutuwar aurenta, wa aka gan ta da shi. Wannan gulma ce, wani lokacin ma ƙazafi, kuma 'yar wani ce.

In ka zo rubutawa ko faɗa a majalisa, fara da hukuncinka kai tsaye: a kalla, ko a adana data. Kawo wuri biyu ko uku da mintinsu, mai kyau da maras kyau, gwargwadon yadda ka same su. Ba dole sai sun yi kunnen doki ba. Kada ka tona ƙarshen labari ba tare da ka yi gargaɗi ba. In furodusa abokinka ne, ko an ba ka na kati, ko an gayyace ka kallon farko kyauta, faɗi haka tun a layin farko, mutane su san da wane ido za su karanta.

Za a taso maka, ka shirya. Masoyan jarumi za su ce hassada ce, wasu su ce "kai yi naka mu gani," wasu su ce masana'antar jaririya ce a yi mata uzuri. Ba sai ka iya ɗinki ba kafin ka san wuyan riga ya shaƙe ka. Jaririya kuwa, an yi fim ɗin Turmin Danya tun 1990, mujallar Fim tana sharhi a kan harkar tun 1999, shekara talatin da ɗoriya ta isa a tambayi mutum aikinsa. Kada ka biye wa zagi, kuma kada ka goge abin da ka rubuta don an yi maka ca. Ka ba mai musu mintin, ka ce ya je ya kalla ya dawo. Wanda ya dawo da hujja, ka tattauna da shi a kan fitowar har ku ƙare. Wanda ya dawo da ashar, ka toshe shi ka ci gaba da kallon kashi na gaba.