Yadda za ka gano jirgin ruwan da ya kai kakanka Ingila

A cikin akwatin ƙarfen kakana, Allah ya jiƙansa, na tarar da wani tsohon hoto. Yana tsaye da babbar riga, bayansa ruwa iya ganinka. A bayan hoton an rubuta kalma ɗaya tak: Aureol, sunan wani jirgin ruwa. Daga nan na faro, kuma ga hanyar da na bi.

Ka fara da cikin gida tukuna. Tsohon fasfo, ambulan, ko takardar da ake liƙawa jikin akwati, kowanne na iya ɗauke da sunan jirgi ko hatimin tashar Apapa. Sannan ka zauna da tsofaffi. Kakata ba ta riƙe shekara ba, amma ta ce tana goyon kawuna aka raka Malam tashar jirgin ƙasa. Wannan ya ishe ni lissafi.

Sai ka san jiragen kansu. Kafin jirgin sama ya yawaita, mai zuwa Ingila daga Kano ko Zariya jirgin ƙasa yake bi zuwa Legas, ya shiga jirgin wasiƙu na kamfanin Elder Dempster zuwa Liverpool. Kusan mako biyu ake yi a teku, ana yada zango a Takoradi da Freetown da Las Palmas. Sunan jirgin wasiƙu ba ado ba ne. Tun 1852 Macgregor Laird ya kafa kamfanin jiragen ruwa na African Steamship Company, wanda daga baya ya koma hannun Elder Dempster, bisa kwangilar gwamnatin Birtaniya ta kai wasiƙu Afirka ta Yamma. Kuɗin kwangilar ne ya sa jirgi yake tashi ranar da aka tsayar, ko ya cika ko bai cika ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jirage uku suka riƙe hanyarmu: Accra daga 1947, Apapa daga 1948, Aureol daga 1951 har 1974. Ka ga ke nan, wanda ya yi tafiya a 1949 bai shiga Aureol ba, ko da kowa a gida ya rantse.

Inda aikin yake shi ne jerin sunayen fasinjoji. Ma'adanar tarihi ta Birtaniya da ke Kew a Landan ta ajiye na masu shigowa ƙasar daga 1878 zuwa 1960 a kundin da ake kira BT 26. Ana samunsa a shafin Ancestry na intanet, sai dai da kuɗi. Za ka ga suna, shekaru, sana'a, tashar da mutum ya shiga, da adireshin inda zai sauka.

Kada ka dogara da rubutun suna, a nan na sha wahala. Muhammadu kan koma Mohamadu, Malam ko Alhaji kan zama sunan yanka, sunan gari ya zama sunan uba. Da neman suna ya gagara, sai na ɗauki Aureol, na zaɓi watan Agusta da Satumba, lokacin da ɗalibai ke tafiya, na bi jerin layi-layi har dare uku. A can na same shi, an juya sunansa baya ya koma gaba, an rubuta ɗalibi ne. Na buga takardar na kai wa kakata, ta sa na karanta mata adireshin sau biyu.