Babi na Bakwai: Cika takardar auna shirin mahalliya kafin ruwan kharif, wato damina

Darasi na 1: Wace takarda ce wannan

Iyayena da yan uwana, wannan babin akan takarda ɗaya ne kawai, wadda ake dubawa a gane ko mahalliya, wato ƙaramar hukuma, ta ci gaba wajen shirin ambaliya ko tana nan inda take bara. Kar girman maganar ya ba ku tsoro, duk wanda ya iya rubuta sunansa da lamba daga 0 zuwa 3 zai iya cika ta in sha Allah.

A watan Maris na 2015 ƙasashen duniya sun taru a garin Sendai na Japan suka amince da tsarin rage haɗarin bala'i har zuwa 2030, kuma ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan harka yana da takardar da birane da ƙananan hukumomi suke auna kansu da ita, tambayoyi 47, kowace tambaya ana ba ta maki daga 0 zuwa 3. Tamu ta aji mun rage ta zuwa tambaya biyar, tana shafin ƙarshe na babin nan, ku buɗe yanzu ku ɗora yatsa a kai.

Mu mutanen Kassala ba sai an yi mana dogon bayani ba, manyanmu sun ga abin da kogin Gash ya yi wa gari a 2003. A 2020 kuma Nilu ya cika har gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta wata uku, gidaje sama da 100,000 suka rushe ko suka lalace, sannan a watan Agusta na 2024 dam ɗin Arba'at ya fashe kusa da Bur Sudan. Ma'aikacin da ke zaune a ofis bai san wane masraf, wato magudanar ruwa, ya toshe a bayan gidanku ba, ku kuka sani, shi ya sa lajna, wato kwamitin unguwa, take buƙatar masu iya rubutu.

Darasi na 2: Gidajen takardar

Ku duba da kyau, akwai gida uku a kowane layi. Na farko tambaya ce, an riga an buga ta, ba a rubuta komai a ciki. Na tsakiya mai faɗi sunansa HUJJA. Na ƙarshe ɗan ƙarami sunansa MAKI. Da boko muke rubutu saboda haka daga hagu ake farawa zuwa dama, ba kaman allo ba, hannun da yawancinku ba kwa cin tuwo da shi daga nan ne farkon layi.

Sai maganar sifili. Sifilin boko zagaye ne, 0, shi kuma zagaye a lambar Larabci da kuka saba gani a takardar kuɗi biyar ne, ٥. A takardar nan in kun ga zagaye to sifili ne, babu biyar a cikinta ko kaɗan. Ku rubuta 0 1 2 3 a littafinku layi guda cike.

0 na nufin babu komai. 1 an fara amma ɗan kaɗan. 2 an yi mafi yawa akwai saura. 3 an yi, an gwada, yana aiki.

Darasi na 3: Hujja kafin maki

Toh nan ne wajen da kusan kowa yake tuntuɓe, dan Allah a natsu. Gidan tsakiya ake fara cikawa sannan na ƙarshe. Hujja tukuna, sannan maki. Ku sa babban yatsa ku rufe ɗan gidan nan na maki, kar ku ɗaga sai kun gama rubuta abin da idonku ya gani a gidan tsakiya.

Tambaya ta farko: An yashe masraf ɗin unguwa kafin ruwa ya sauka? Abin da na saba gani shi ne mutum ya karanta, ya yi murmushi, ya rubuta 3, in ka tambaye shi sai ya ce ai an ce za a turo mota. An ce za a yi ba hujja ba ce. Tashi za ka yi ka bi masraf ɗin da ƙafa daga kansa har inda yake zubewa, ka ga inda leda da yashi suka cika shi, ka ga wajen da wani ya gina dakalin shago a kai, ka dawo ka rubuta a gidan tsakiya kaman haka: an yashe daga masallaci zuwa tanda, daga tanda zuwa titi a toshe yake. Yanzu ɗaga yatsa. Rabi ne aka yi ko ƙasa da haka, ka sa 1. Ka ga bambanci ko? Ba ka biyan kuɗin buhun dawa sai ka zura hannu ka ga ƙwayar, haka maki yake.

Inna, ke da kika ce rubutunki ba kyau, wallahi ba kyau ake nema ba, kalma huɗu ma ta isa in dai gaskiya ce. Rubuta a hankali, babu mai korar ki.

Tambaya ta biyu: Akwai buhuna da ƙasa na gyaran taras, wato shingen ƙasa mai tare ruwa? Kar a taɓa gidan maki. Je ka ga buhunan, ƙirga su, taɓa su ka ji ko rana ta cinye su don buhun leda da ya shekara a fili yagewa yake da an ɗaga, ka tambaya makullin ɗakin yana hannun wa, in mai makullin ya yi tafiya wa zai buɗe da tsakar dare. Rubuta duk wannan. Sannan maki. Hujja tukuna.

Tambaya ta uku: In ruwa ya taso cikin dare ta yaya mutane za su ji? Mutanen tsibirin Tuti a Khartum sun kafa tsarinsu da suke kira taya tun ambaliyar 1946, ana raba bakin ruwa gida gida, masu gadi su kwana suna kallon ruwa, in ya ɓalle a buga ganga a yi kira ta masallaci kowa ya fito da abin aikinsa. Irin wannan ne ake ba 3, saboda an san mai gadi, an san wajensa, kuma an sha gwadawa. Ku a unguwarku in lasifikar masallaci kawai gare ku kuma ba ta aiki in wuta ta ɗauke, ku rubuta hakan a tsakiya, ku sa 1. In babu wanda aka ɗora wa aikin ma, 0.

Na san abin da ke damun wasunku, kunya ce, wai kar a ce unguwarmu ta ci sifili, wasu kuma tsoron kar ran shugaban lajna ya ɓaci. Haba Malam! Kai da kake da jikoki suna kwana a ɗakin jalus, ginin laka, ka rubuta 3 a inda babu komai, toh in masu rabon buhuna suka ga 3 ai unguwar gaba za su wuce da su. Na faɗa na maimaita amma har yanzu ina karɓan takardu gidan maki cike gidan hujja fari fat, wasu ma kwafar na maƙwabci suke yi. Daga yau takardar da ba hujja zan mayar wa mai ita, ko wane ne. Rufe gidan maki, rubuta abin da ka gani, sannan lamba.

Tambaya ta huɗu akan wajen da za a kai mutane ne in gidaje sun faɗi, makaranta ko fili mai tudu, da ko tsofaffi da masu ciki za su iya isa can. Ta biyar akan lambar wayar difa'ul madani, wato jami'an ceto na gwamnati, da ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar ce, ko lajna na da su kuma ko an taɓa kira an ɗauka. Ku yi su a gida, yadda muka yi na sama, tsakiya tukuna.

Darasi na 4: Gwada bana da bara

Ku ajiye takardar bara kusa da ta bana. Inda lamba ta hau ku ja kibiya sama, inda ta sauka kibiya ƙasa, inda ba ta motsa ba a ja layi kwance. Da haka mahalliya take gane ko ta ci gaba. Wanda ba shi da ta bara ya adana ta bana cikin leda.

Darasi na 5: Miƙa takarda

A rubuta sunan unguwa da kwanan wata a sama. Mutum biyu su sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala. A ɗauki hotonta da waya kafin a kai wa lajna, kuma a kai kafin watan Yuni ya ƙare.